Zanzibar, Maldibi ko Kap Barde: wanne tsibiri ya fi sauƙin aljihu ga mai tashi daga Katsina?

Wanda zai tashi daga Katsina ko Daura zuwa tsibiri don hutu, rabin kuɗinsa ko fiye yakan ƙare kafin ya ga teku. Tikitin jirgi, biza, inshora, motar zuwa Kano ko Abuja, kwanan hanya, duk waɗannan su ne ke yanke hukunci. Kyawun rairayi kuwa kusan duk tsibiran nan suna da shi. Don haka gwajin da ya fi amfani shi ne a duba wane tsibiri ne fasfon Najeriya ke shiga ba wahala, wanne ne ke da jirgi mai sauƙi daga Arewa, sannan nawa za a kashe a kullum in an sauka. Uku ne suka cancanci a auna su: Zanzibar ta Tanzaniya, tsibiran Maldibi da ke kudu da Indiya, da Kap Barde, wadda a tikiti ake rubuta Cabo Verde, a yamma da Senegal. Seshel ba ta cikin lissafi, domin a 2023 ta taƙaita shigar 'yan yawon buɗe ido masu fasfon Najeriya.

Akwai kuɗin da babu makawa ko ina za a je. Tun 1 ga Satumba 2025 fasfo mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara goma kuma naira 200,000. Ya kasance saura aƙalla wata shida ya ƙare a ranar tafiya, in ba haka ba ma'aikacin jirgi na iya hana ka hawa tun a Kano. Sai katin rigakafin shawara, wanda jami'an lafiya na filin jirgi ke bayarwa. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, saboda haka wanda ya yi ta ana gobe tafiya ya yi aikin banza. Sau ɗaya ake yin ta a rayuwa. Duk tsibiran uku na iya tambayar katin daga wanda ya fito daga Najeriya.

Filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua na Katsina ba ya da jirgin kasuwa na ƙetare in ba na alhazai ba, don haka tafiyar daga Kano ko Abuja take farawa. Katsina zuwa Kano kusan kilomita 170 ne, daga Daura kuma ta Kazaure ya ɗan fi kusa. A shiga Kano da rana, kwana ɗaya kafin tashi. Kuɗin ɗaki na dare ɗaya bai kai asarar tikitin da aka makara a kansa ba. Tsakanin Disamba da Fabrairu kuma hazo kan jinkirta jirage a Kano, wanda ke sa haɗin jirgi na awa ɗaya da rabi a Adis Ababa ya zama caca.

Zanzibar

Ita ce ta fi kusa da hannu ta fuskar jirgi. Ethiopian Airlines na tashi daga Kano zuwa Adis Ababa, tafiyar awa huɗu da wani abu, daga can kuma akwai jirgi zuwa Zanzibar, kusan awa uku. Tikiti ɗaya, kaya su wuce kai tsaye, ba sai an je Legas ba. Kamfanin kan ba da jaka biyu masu kilo 23 kowacce, kuma in jiran Adis ya kai awa 8 zuwa 24 ba tare da wani jirgi da ya riga ba, yakan ba da masauki. A tambayi wannan a wurin sayen tikiti, kada a bari sai an sauka.

Matsalar Zanzibar ita ce biza. Najeriya na cikin ƙasashen da Tanzaniya ba ta ba 'yan ƙasarsu biza a filin jirgi. Dole a nema ta intanet tun daga gida, a jira hukumar shige da fice ta amince, kuma jiran na iya kai wata biyu. Hukumar da kanta tana shawartar masu irin wannan biza kada su biya tikiti ko otal sai an amince musu. Abin da ake yi shi ne a sa ejan ya riƙe kujera ba tare da an biya ba, a kama ɗakin da za a iya sokewa kyauta, a haɗa takardun biyu a nema. Kuɗin biza dala 50 ne. Tun 1 ga Oktoba 2024 kuma kowane baƙo sai ya sayi inshorar gwamnatin Zanzibar, dala 44, mai aiki har kwana 92, ko da yana da wata inshorar daga gida. Mata da miji ke nan sun kashe dala 188 kafin su ɗaure jaka. Otal-otal kuma suna karɓar haraji a kan kowane mutum kowane dare, gwargwadon darajar wurin.

Bayan wannan shinge komai yakan yi sauƙi. Tsibirin Unguja, wanda shi ne ake kira Zanzibar, babba ne, mutane na noma da kasuwanci a cikinsa, ba don baƙi kaɗai aka gina shi ba. Wannan ne sirrin arharsa: akwai farashin ɗan gari, kuma baƙo na iya kusantar sa. Ɗaki mai tsabta da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki a ƙaramin masauki yakan kama daga kusan dala 25 zuwa 50, sau da yawa har da karin kumallo. Motar haya da suke kira dala-dala na tashi daga wajen kasuwar Darajani zuwa kowane lungu, kuɗinta ba ya wuce dala ɗaya ko biyu, yayin da tasi daga filin jirgi zuwa Nungwi a arewa, tafiyar kusan kilomita 60, ke cin dala 40 zuwa 50. Mai iyali da jakunkuna ya ɗauki tasi ranar isowa, ya koma dala-dala sauran kwanaki.

Abinci babu fargaba, domin kusan duk mutanen tsibirin Musulmi ne. A wajen matan da ke dafa abinci a rumfa ana samun shinkafa da wake, pilau, kifi da miyar kwakwa, da soyayyen dankali da ƙwai da suke kira chipsi mayai, a kan dala biyu ko uku. Kasuwar dare ta Forodhani da ke bakin ruwa a tsohon garin Zanzibar, wato Stone Town, tana da daɗin kallo, amma farashinta na baƙi ne, kuma kifin da aka jera a tire ba a san tun yaushe yake nan ba. A ci abin da aka soya a gabanka, a tambayi kuɗi kafin a miƙa hannu. Masallatai kuwa ko'ina. Mazhabar Shafi'i suke bi, don haka ɗan Katsina zai ji liman na bayyana bisimilla, kuma a Asuba ana ƙunuti a bayyane bayan ruku'u.

Zaɓen gefen da za a sauka ya fi zaɓen otal muhimmanci, kuma nan ne yawancin sabbin zuwa ke kuskure. Teku na cika ta janye sau biyu a yini, kuma lokacin na matsawa da kusan minti 50 kowace rana. A gabas, wato Paje da Jambiani, in ta janye takan yi nisa har kusan kilomita a wasu wurare, sai a ga mata sun shiga suna aikin gonakin ciyawar teku. Janyewar ta fi tsanani a farkon watan Musulunci da tsakiyarsa. Wanda bai iya ruwa ba, kuma akasarin mutanenmu haka suke, wannan gefen ya fi masa: ruwa iya gwiwa, ga shiru, ga ɗakuna masu arha. Sai dai a sa takalmin roba, saboda akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya a ƙarƙashin ruwan, ƙayarta na karyewa a cikin tafin ƙafa. A Nungwi da Kendwa ruwan ba ya janyewa sosai, ana iya shiga kowane lokaci, amma can ne cunkoson Turawa da kiɗan dare da mashaya, kuma kuɗin ɗaki ya fi yawa. Mai tafiya da uwargida da yara zai fi samun natsuwa a Jambiani.

Kwana shida sun isa: biyu a tsohon gari, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, huɗu a bakin ruwa. Daga gabas dajin Jozani mai jajayen birai na kusa. Gonakin kayan ƙamshi, inda ake ganin kanumfari da kirfa da masoro a jikin bishiyarsu, rabin yini ne. Duk irin wannan yawo a yi cinikinsa ta hannun masauki ko ofishi mai rajista. 'Yan kamashon bakin ruwa kan karɓi kafin alƙalami su ɓace, ko su cusa mutum ashirin a kwale-kwalen da ba shi da rigar ceto ko ɗaya. Abu biyu kuma: Tanzaniya ta haramta leda tun Yuni 2019, kuma tun 2025 doka ta ce cinikin cikin gida da shilin, kuɗin Tanzaniya, za a yi, saboda haka a canja dala a tsohon gari, inda canjin ya fi na bakin ruwa.

Maldibi

Nan lissafin ya juye. Biza kyauta ce, ta kwana 30, a filin jirgi ake bugawa. Abin da ake buƙata shi ne tikitin dawowa, shaidar kama ɗaki a masauki mai rajista, da cike fom ɗin IMUGA na hukumar shige da ficen ƙasar ta intanet cikin awa 96 kafin isowa, shi ma kyauta. Duk shafin da ya nemi kuɗi a kansa na 'yan damfara ne. Amma hanya ta fi nisa: Qatar Airways daga Abuja zuwa Doha kusan awa bakwai, daga Doha zuwa Male, babban birnin Maldibi, kusan awa biyar, kuma tikitin yawanci ya fi na Zanzibar tsada.

Hotunan ɗakunan katako a kan ruwa da ake gani a Instagram na tsibiran otal ne, inda dare ɗaya ke cin ɗaruruwan daloli. Mai neman sauƙi ba can zai je ba. Tun 2009 gwamnati ta ba da damar buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune, irin su Maafushi, Gulhi, Dhiffushi da Thulusdhoo. A waɗannan tsibiran babu giya, babu naman alade, ana kiran salla sau biyar, kuma an keɓe wa Turawa wani ɓangaren bakin ruwa da aka kange don shigarsu ta wanka. Ta fuskar addini da sutura babu inda ya kai nan kwanciyar hankali cikin ukun, ruwan kuma ya fi na Zanzibar haske.

Inda ake faɗawa rami shi ne farashin da aka rubuta ba shi ake biya ba. A ɗauki ɗakin da aka tallata a dala 60. Za a ƙara kashi 10 na hidima, ya zama 66. A kan wannan a ɗora harajin yawon buɗe ido kashi 17, wanda ya fara aiki a Yuli 2025, ya zama 77 da 'yan kai. Sai harajin muhalli, dala 6 kan kowane mutum kowane dare a ƙananan masaukai, mutum biyu 12. Ɗakin dala 60 ya tashi a kusan 89. A dare biyar bambancin ya kai dala 145, kuɗin da ba a sa shi a lissafi ba. Kafin a kama ɗaki a rubuta wa mai masauki a ce ya turo jimilla bayan duk haraji.

Rami na biyu sufuri ne. Velana, babban filin jirgin ƙasar, a tsibirinsa yake, kuma duk inda za a je bayan Male da Hulhumale, tsibirin da ke haɗe da filin jirgin, sai ta ruwa. Jirgin ruwan gwamnati zuwa Maafushi bai kai dala 5 ba, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi, amma ba ya aiki ranar Juma'a, kuma wanda ya sauka da yamma ya riga ya rasa shi. Kwale-kwale mai gudu na ɗaukar kusan dala 25 kan mutum, minti 30 zuwa 45. Tsibiri mai nisa da ɗakinsa ya yi arha ƙwarai sau da yawa yana buƙatar ƙaramin jirgin sama, wanda zai cinye duk ragin. A zaɓi jirgin da ke sauka da safe, ba ranar Juma'a ba, a kuma tsaya kan tsibiran da ke kusa da Male.

Abinci kusan duk shigo da shi ake yi, ban da kifi da kwakwa. A shagunan shayin 'yan gari ana karin kumallo da mas huni, wato dagargajajjen kifi da kwakwa da albasa da barkono, a ci da gurasa mai laushi, cikin 'yan daloli kaɗan. Gidan abincin baƙi kuwa ninki uku ne, ga haraji a kai. Sannan a sani Maafushi bai wuce kilomita ɗaya da ɗan kai ba a tsayi. Bayan kwana biyu an gama zaga shi, duk wani abin yi kuma, kallon kifi ko zuwa tudun yashi a tsakiyar teku, kuɗi ne. Ango da amarya za su ji daɗin dare huɗu. Yara uku a mako guda za su ƙosa, uban ma ya ƙosa.

Kap Barde

A takarda ita ce ta fi sauƙi, tunda tana cikin ƙungiyar ECOWAS, babu biza. Akwai dai rajista ta intanet da ake so a yi kwana biyar kafin isowa, da harajin tsaron filin jirgi na eskudo 3,400, kusan yuro 31. Kuɗinsu a ɗaure yake da yuro, kusan 110 a kan yuro ɗaya, don haka yuro za a riƙe, ba dala ba. Rashin biza kuma bai hana tambaya ba: jami'ansu kan tsananta wa 'yan Afirka ta Yamma, su nemi tikitin dawowa, shaidar otal da kuɗin guzuri a hannu, kuma suna mayar da wanda bai gamsar da su ba.

Tikiti ne ke kashe ta. Babu hanya mai sauƙi daga Kano. Sai an gangara Abuja ko Legas, a bi ta Lome da Dakar, ko ta Kasabalanka, kafin a kai Praia, babban birnin ƙasar, kuma kuɗin yakan kai na Zanzibar ko ya wuce duk da kusancin da ake gani a taswira. Tikiti mai arha da ke bi ta Lisbon tarko ne, domin mai fasfon Najeriya na buƙatar bizar wucewa ta Shengen, wato ta ƙasashen Turai, ko da ba zai fita daga filin jirgi ba.

Ƙasar kuma busasshiya ce. Ta ma fi Katsina kusa da arewa, ruwan sama kaɗan take samu tsakanin Agusta da Oktoba, kuma hazon hunturu da muka sani yana kaiwa can har ya tsayar da jirage. Tsibirin Sal, mai manyan otal, fili ne na yashi da iska, tekun kuma Atilantika ce mai ƙarfi da sanyi. Mai son arha ya tsaya a tsibirin Santiago, inda Praia take, ya hau hayis daga Praia zuwa Tarrafal a arewa, kusan kilomita 70, inda ruwan ke kwance. Mafi yawan mutanen Kiristoci ne, masallatai kaɗan ne, kuma abincin ƙasa, cachupa, na masara da wake, sau da yawa da naman alade ake dafa shi. Kifi shi ne mafita, ko a kama ɗaki mai kicin. Harshensu Fotugis ne da Kiriyol, soket ɗinsu ma irin na Turai ne mai ƙafa biyu, saɓanin Zanzibar da cajar gida ke shiga kai tsaye. Ga matashi mai son hawan duwatsu da kiɗa wuri ne mai kyau. Ga magidanci daga Daura da ke son iyalinsa su ga kore da ruwa mai ɗumi, ita ce ta ƙarshe.

Lokacin tafiya na iya sauya wannan jeri. Dogon hutun makaranta na Agusta ya faɗo daidai lokacin da Zanzibar ke da sanyi da rani, wato Yuni zuwa Oktoba, kuma lokacin ne Turawa ke cika ta, ɗakuna su yi tsada. A Maldibi kuwa Agusta damina ce, farashi na sauka, ruwan kan zuba ya ɗauke, sai dai teku na yin tsauri, mai jin jiri ya sha magani rabin awa kafin ya hau kwale-kwale. Afrilu da Mayu ne mafi arha a Zanzibar saboda ruwan sama mai yawa, har wasu masaukai na rufewa. Wanda ba ya ɗaure da hutun yara ya nufi farkon Yuni ko ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu kuwa ko'ina wuta ne. A watan azumi gidajen abincin 'yan gari a Zanzibar da Maldibi na rufe da rana.

In aka haɗa duka, mai iyali da ya fara shiri wata uku kafin tafiya Zanzibar ce tasa: dala 94 na biza da inshora kan mutum na dawowa cikin kwana biyu ko uku ta hanyar arhar ɗaki da abinci da mota. Mutum biyu da ba su da lokacin jiran biza, kuma dare huɗu ya ishe su, su duba Maldibi. Akwai kuma ta huɗu ga wanda bizar Tanzaniya ta ƙi fitowa: Lamu a gaɓar Kenya, tsohon garin Musulmi da jakuna ke aikin mota a lungunansa, mai shahararren Maulidi a masallacin Riyadha. A 2025 Kenya ta cire wa yawancin 'yan Afirka buƙatar izinin shiga. Ta sama ake zuwa daga Nairobi, domin hanyar mota ta wannan yanki tana da matsalar tsaro, ƙananan jiragen kuma wasu kilo 15 kawai suke ɗauka.

Batun kuɗin hannu ɗaya ne a ko'ina. Katin naira ba abin dogaro ba ne a waje, bankuna na buɗewa su rufe su kuma rage iyaka. A riƙe tsabar dala sababbi, waɗanda aka buga daga 2013 zuwa sama, marasa yagewa ko tambarin 'yan canji, domin a gabashin Afirka ana ƙin tsofaffi, kuma takardar 50 da 100 ta fi ƙanana samun canji mai kyau. A raba kuɗin gida biyu tsakanin maigida da uwargida. Kada a sayi tikiti biyu daban-daban don ragin dala 60: in na farko ya makara, kamfani na biyu ba ruwansa, kuma ɗauko kaya a tsakiyar hanya na buƙatar bizar ƙasar. Magani mai ɗauke da tiramadol ko kodin a bar shi gida in babu takardar likita, musamman ga mai bi ta Doha. Daren ƙarshe kuma a kwana kusa da filin jirgi, a tsohon garin Zanzibar ko Hulhumale ko Praia, domin a Maldibi in teku ta tashi da safe kwale-kwale ba ya fita, kuma kamfanin jirgi ba ya mayar da kuɗin wanda bai zo ba.